Tsayayyen adireshin IP a kwamfutar gida: yadda za ka gano inda ta ƙi, ka gyara da kanka

Kwamfuta ta kama wifi, sandunan rezo sun cika fal, amma ko shafin Google ya ƙi buɗewa. Salularka kuwa, a kan rautar nan dai, tana ta sauke bidiyo ba tangarɗa. A irin wannan hali mutane kan yi saurin ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, ko su ce bairos ne ya shiga. Wani ma ya ciccibi kwamfutar zuwa wajen mai gyara a goge Windows gaba ɗaya, a biya kuɗi, a rasa takardun da ke ciki. Sau da yawa abin bai kai nan ba. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: akwai wanda ya taɓa rubuta wa kwamfutar nan adireshin IP da hannunsa?

A Maraɗi amsar kan zama e fiye da yadda ake zato. Kwamfutoci da yawa na gidajenmu sun yi aiki a wani wuri kafin su iso mana: buro, siber ɗin da aka rufe, shagon fotokofi, ko wata ƙungiya da ta gama aikinta ta sayar da kayanta. Wasu kuma a gidan aka tsayar musu da adireshi, ranar da aka haɗa firinta ko kyamarorin tsaro. Kyamarorin Hikvision, alal misali, da 192.168.1.64 suke fitowa daga kamfani, na Dahua kuma da 192.168.1.108. Mai haɗawa kan sauya adireshin kwamfuta don ya samu shiga cikinsu, ya gama aikinsa, ya karɓi kuɗinsa, ya manta bai mayar da ita yadda ya same ta ba.

Abubuwa huɗu da dole su jitu

Duk na'urar da ta shiga rezon gida tana buƙatar adireshi: lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.8.20. A ƙa'ida rauta ce ke raba su, ta tsarin da ake kira DHCP. Aikinta kamar na sarkin kasuwa ne: duk wanda ya shigo, ita ke nuna masa rumfar da zai zauna, tana kuma riƙe da lissafin wanda ta ba wace. Tsayayyen adireshi shi ne mutum ya shigo ya zaɓi rumfa da kansa bai sanar da kowa ba. Idan rumfar ta cikin kasuwar ce kuma ba kowa a ciki, lafiya lau. Idan lambar ta wata kasuwa ce daban, ko an riga an ba wani, to an samu matsala.

Wanda ya tsayar da adireshi abu huɗu yake rubutawa. Adresse IP shi ne adireshin kwamfutar kanta. Masque de sous-réseau yana faɗa mata iyakar rezon gida. A mafi yawan gidaje 255.255.255.0 ne, ma'ana duk na'urar da lambobinta uku na farko suka yi daidai da nata ta gida ce, sauran kuwa sai an bi ta rauta. Passerelle par défaut adireshin rautar ne, ƙofar fita waje. Serveur DNS kuma shi ke mayar da suna irin google.com zuwa lamba.

Da sunayen Faransanci zan yi ta aiki, don su ne a kan yawancin kwamfutocinmu. Wanda ya sayo tasa a Katsina ko Kano zai ga IP address, Subnet mask, Default gateway da DNS server. Wuraren ɗaya ne, umarnin da za mu rubuta ma ɗaya ne.

Kowane cikin huɗun nan da irin alamar da yake nunawa idan ya karkace. Shi ya sa ba a wannan gyaran da lalube. Ana farawa daga kusa a tafi nesa, kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda.

Mataki na farko: ka ga abin da ke rubuce, ka ɗauke shi hoto

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta

ncpa.cpl

ka danna Entrée. Wannan ƙofar tana aiki tun daga Windows 7 har zuwa 11, shi ya sa na fi son ta. Za ka ga katunan rezo na kwamfutar: Wi-Fi, da Ethernet na kebul. A Windows 7 sunan na kebul Connexion au réseau local. Danna maɓallin dama na linzami a kan katin da kake aiki da shi, ka zaɓi Propriétés, sannan ka danna sau biyu a kan Protocole Internet version 4.

Idan ɗigon yana kan Utiliser l'adresse IP suivante, to adireshin tsayayye ne. Kafin ka taɓa komai, ɗauki salula ka yi wa tagar nan hoto. Ban yarda a tsallake wannan ba. Wataƙila lambobin nan ne firinta ko manhajar lissafin shago suka dogara da su, kuma idan ka goge babu mai tuna maka.

Idan ɗigon yana kan Obtenir une adresse IP automatiquement, kada ka rufe tukuna. Duba rabin ƙasa, domin akan bar adireshi ga rauta amma a tsayar da DNS da hannu. A Windows 10 da 11 kuma akwai ƙofa ta biyu, ta Paramètres, Réseau et Internet, cikin bayanan wifin da ka haɗa. Can ma ana iya sa Manuel. Ka duba duka biyun, amma idan gyara ya zo, ka zaɓi ƙofa ɗaya ka tsaya a kanta.

Mataki na biyu: kebul, wuta da forfe

Wannan a gurguje. Idan da kebul kake, duba ko ƴan fitilun da ke bakin ramin suna ƙyaftawa. Harshen roba na kan kebul yakan karye, sai ya zauna a rami kamar ya shiga alhali bai taɓa ba. Ƙurar hunturu ma takan cika ramin. A hura ta, a sake sakawa. Gwada wani rami na rautar, gwada wani kebul in akwai. Sannan ka tabbata salularka da wifin take aiki, ba da datar layinta ba: kashe datar ka sake gwadawa. Idan ita ma ta tsaya, to ba adireshi ba ne, ka duba ko forfe ɗin rautar ne ya ƙare.

Mataki na uku: ka tambayi kwamfutar halin da take ciki

Windows da R kuma, ka rubuta cmd. A baƙar tagar da ta buɗe ka rubuta

ipconfig /all

Rubutu zai zubo da yawa. Nemo sashen katinka. Idan ka ga Média déconnecté, kwamfutar ba ta haɗu da rautar ba sam, koma mataki na biyu. Idan ta haɗu, layuka biyar za ka karanta: DHCP activé, wanda zai ce Non idan adireshin tsayayye ne, sai Adresse IPv4, masque, passerelle da Serveurs DNS.

Kula da kalmar da ke manne a ƙarshen adireshin. Idan préféré ce, Windows ya karɓi adireshin yana aiki da shi. Idan ta nuna an maimaita shi, Duplicate a na Turanci, to wata na'ura ta riga ka, kuma za mu zo kan wannan. Adireshin da ya fara da 169.254 ba rauta ce ta ba da shi ba. Windows ne ke ba kansa irinsa idan ya nemi DHCP bai samu amsa ba, ko idan ya tarar da wani a kan tsayayyen adireshinsa. Da 169.254 ba a shiga intanet.

Idan layin passerelle fayau yake ba komai, ka gano cutar ke nan. Kwamfutar za ta ga firinta da sauran na'urorin gida, amma ba ta san ta inda za ta fita ba, kuma Windows kan rubuta Réseau non identifié a ƙasan sunan katin.

Mataki na huɗu: ka nemo lambobin gaskiya na rezon gidanka

Kada ka zata. Na'urar da ke aiki lafiya ita za ta gaya maka. A salular Android shiga wifi, danna sunan wanda ka haɗa, ka duba bayanansa: za ka ga adireshin da aka ba ta da na passerelle. A iPhone danna ƙaramar alamar i da ke gefen sunan. Takardar da ke manne a ƙasan rautar ma takan nuna adireshinta, sai dai in wani ya sauya.

Ga waɗanda aka fi gamuwa da su. Rautocin Huawei masu ɗaukar katin SIM, manya da na aljihu, 192.168.8.1 ne. TP-Link da ZTE da yawa 192.168.0.1, wasu 192.168.1.1. Rautar Starlink 192.168.1.1. Idan iPhone ce ke raba intanet, ita 172.20.10.1 ce, masque ɗinta kuma 255.255.255.240, ma'ana daga 172.20.10.2 zuwa 172.20.10.14 kaɗai ake da wuri. Tsofaffin Android da 192.168.43.1 suke rabawa, amma sababbin suna sauya lambobin lokaci zuwa lokaci. Saboda haka wanda da salular Android yake ba kwamfutarsa intanet, kada ma ya soma tsayar da adireshi. Yau zai yi, gobe ya ƙi.

Yanzu kwatanta. Idan rautarka 192.168.8.1 ce, kwamfutar kuma tana ɗauke da 192.168.1.50 da passerelle 192.168.1.1, ba sai an ci gaba da bincike ba. An rubuta lambobin ne don wani rezo daban. Wannan shi ne abin da ya fi faruwa idan aka sauya rauta, ko aka koma wani kamfani, ko aka kawo kwamfutar daga buro.

Mataki na biyar: gwajin da ke raba gardama

Koma tagar mataki na farko, ka mayar da ɗigo biyun zuwa automatiquement, na adireshi da na DNS, ka danna OK har tagogin su rufe. Jira kaɗan, ka sake ipconfig /all. Idan an ba ka adireshi mai kama da na salularka kuma intanet ya dawo, ka tabbatar ke nan cewa kati lafiya, rauta lafiya, lambobin da aka rubuta ne ke da laifi. Rubuta abin da rautar ta ba ka a takarda: masque, passerelle, DNS. Su ne za ka kwafa in za ka sake tsayarwa.

A nan ka tambayi kanka ko kana ma buƙatar tsayayyen adireshin. Kwamfutar da aikinta rubutu, Facebook da kallon bidiyo ba ta buƙata, kuma tsayar da shi ba ya ƙara wa intanet gudu ko kaɗan, duk da yadda wasu ke faɗa. A bar kaza cikin gashinta. Mai buƙata shi ne wanda wasu na'urori ke neman kwamfutarsa ta lamba: wadda ke raba firinta, ko mai riƙe da fayilolin da ake buɗewa daga wata kwamfutar, ko mai manhajar kantin da ake shiga daga teburi biyu.

Idan ka mayar automatique ɗin amma 169.254 ya fito, to rautar ce ba ta rabawa. Kashe ta, ka jira kamar rabin minti, ka kunna. In bai yi ba, mai yiwuwa wani ya kashe DHCP a cikinta. Sai ka tsayar da adireshi na ɗan lokaci don ka samu shiga shafinta ka kunna shi.

Mataki na shida: zaɓen adireshi da rubuta shi

Buɗe Chrome ko Firefox, ka rubuta adireshin rautar a saman, ka shiga da kalmar sirrinta. Nemo sashen DHCP. Za ka ga daga ina zuwa ina take rabawa. Huawei kan raba daga 192.168.8.100 zuwa 192.168.8.200, TP-Link kuma daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199. Zaɓi lambarka a wajen wannan tsakanin. A Huawei, 192.168.8.20 ya yi. Wasu rautocin suna rabawa tun daga 2 har 254. Irin waɗannan sai ka rage musu, ka sa su fara daga 100, ka bar wa kanka na ƙasa. Lamba ta ƙarshe kada ta zama 0, kada ta zama 255, kada kuma ta zama ta rautar.

Kafin ka ɗauka, tabbatar ba kowa a kai. Tun kwamfutar tana automatique, a baƙar tagar cmd ka rubuta

ping 192.168.8.20

sannan

arp -a

Ping kiran na'ura yake yi ya ga ko za ta amsa, arp kuma yana jera na'urorin da kwamfutar ta gano a rezon. Rashin amsar ping kaɗai bai isa shaida ba, domin garkuwar Windows kan hana kwamfuta amsa ping ko tana nan. Amma idan adireshin ya bayyana a jerin arp da wata doguwar lamba a gefensa, akwai na'ura a kansa. Wadda take kashe kuwa ba za ta fito ba, don haka kunna firinta da na'urar kyamara kafin gwajin.

Sai ka rubuta: adireshi 192.168.8.20, masque 255.255.255.0, passerelle 192.168.8.1, DNS na farko 192.168.8.1 ko 8.8.8.8, na biyu 1.1.1.1.

Tarkuna uku ke nan wurin. Na farko allon madannai na AZERTY: layin lambobi na sama sai an riƙe Maj, wato Shift, in ba haka ba & da é ne za su fito, ɗigo ma sai da Maj. Wanda ya saba da QWERTY yakan sa wata alama a maimakon ɗigo bai lura ba. Na biyu, idan ta Paramètres na Windows 10 ka bi, ba masque yake tambaya ba, Longueur du préfixe de sous-réseau yake tambaya. A nan 24 ake rubutawa, ba 255.255.255.0 ba. Mutane kan rubuta doguwar, Windows ya ce ba zai iya ajiye saitin ba, su yi ta maimaitawa har su gaji. Windows 11 ya koma tambayar masque ɗin kai tsaye. Na uku, tsohuwar tagar tana cika masque da kanta da zarar ka danna wurin. Ga adireshin da ya fara da 192.168 tana sa 255.255.255.0, daidai ne. Ga mai farawa da 10 kuwa 255.0.0.0 take sawa, ga mai 172 kuma 255.255.0.0, alhali ba lalle su ne na rezonka ba. Kwafi wanda ka rubuta a takarda.

Idan ka danna OK Windows ya gargaɗe ka cewa passerelle ba ta cikin rezo ɗaya da adireshin, kada ka danna Oui don ka huta da shi. Gaskiya ya faɗa, akwai lambar da ta karkace. Sake karantawa ɗaya bayan ɗaya. 186 a maimakon 168 ya sha wahalar da mutane.

Mataki na bakwai: ping daga kusa zuwa nesa

A nan ake gane ainihin inda hanya ta yanke. Gwaji biyar ne a jere, kuma inda aka fara faɗuwa nan ne matsalar take.

ping 127.0.0.1

Kwamfutar ce ke kiran kanta. Wannan ko ba kebul ba wifi ya kamata ya amsa. Idan ya ƙi, ko ka ga Défaillance générale, abin cikin Windows yake, ba a lambobinka ba.

Na biyu, ping adireshin da ka rubuta mata. Idan ya ƙi, Windows bai karɓi adireshin ba: ko an riga ka, ko a kan wani katin ka rubuta shi. Wannan na faruwa sosai, mutum ya rubuta a Ethernet alhali da wifi yake aiki.

Na uku, ping rautar:

ping 192.168.8.1

Amsa mai kyau tana farawa da Réponse de 192.168.8.1, sai octets=32, sai lokaci na ƴan miliseconde kaɗan. A nan akwai yaudarar da ya kamata a sani. Wani lokaci za ka ga Réponse de, amma adireshin da ya biyo baya naka ne, ba na rautar ba, sannan Impossible de joindre l'hôte de destination. A ƙasa kuma lissafi ya ce an aika 4, an karɓi 4, ba a rasa ko ɗaya ba. Wanda ya dubi lissafin kawai sai ya ce ai ta amsa. Ba ta amsa ba. Kwamfutarka ce ke gaya maka ta nemi rautar ba ta same ta ba. Ko adireshin passerelle kuskure ne, ko ba rezo ɗaya kuke ba, ko haɗin ne ya yanke. Idan amsa na zuwa tana yankewa, ƙara -t a ƙarshen umarnin don ya ci gaba ba tsayawa, ka motsa kebul ko ka matso kusa da rauta kana kallo. Ctrl da C ke tsayar da shi.

Na huɗu:

ping 8.8.8.8

Wannan na'urar Google ce, a waje take. Idan rauta ta amsa amma wannan ya ce Délai d'attente de la demande dépassé, abu biyu ne. Ko ba ka rubuta passerelle daidai a cikin saiti ba, duk da ka rubuta ta daidai a ping, ko rautar ce kanta ba ta da intanet. Salula za ta raba maka su.

Na biyar:

ping google.com

Idan 8.8.8.8 ya amsa amma wannan ya ce bai gano sunan ba, DNS ne. Wannan ita ce cutar da ta fi rikita mutane, domin wasu manhajoji kan ci gaba da aiki alhali shafuka sun ƙi buɗewa. Mai tsayar da adireshi yakan cika ukun sama ya bar DNS fayau, ko ya bar na tsohon buro wanda babu shi a gidanka. Sa 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, ko 1.1.1.1 da 1.0.0.1 na Cloudflare, sannan ka rubuta

ipconfig /flushdns

don Windows ya zubar da tsofaffin amsoshin da ya riƙe. Umarnin nslookup google.com zai nuna maka wane DNS ne ake tambaya da abin da ya amsa.

Idan duka biyar sun amsa amma shafuka na kukan cewa haɗin ba amintacce ba ne, dubi agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutocin tebur da ƙaramin batirinsu na CR2032 ya mutu sukan koma wata shekara can baya duk sanda wuta ta tafi. Gyara kwanan wata, ka sayi batiri. Duba kuma Proxy, wato na'urar tsakiya da ake bi kafin a fita intanet, a cikin Réseau et Internet; kwamfutar da ta fito daga buro takan zo da nasu a kunne.

Ciwon da ke zuwa yana tafiya

Mafi wuyar ganewa shi ne karon adireshi, domin ba kullum yake nunawa ba. Wani dattijo a unguwar Zariya ya kira ni kan kwamfutar da yake lissafin kayan shagonsa da ita. Ya ce, "Ɗana, da safe lafiya lau take. Amma in an ɗauke wuta an maido, sai ta yi mini gardama har dare." Na ce, "Baba, su wa ke shiga wifin nan ban da kai?" Ya ƙirga yara da jikoki, har da maƙwabcin da aka ba lambar sirri ranar suna.

An tsayar wa kwamfutar 192.168.8.100, lamba ta farko cikin waɗanda rautar ke rabawa. Rautar ba ta san da haka ba, tunda ba ita ta bayar ba. Da wuta ta dawo, rauta kan tashi cikin minti ɗaya ko biyu, salulolin gida masu batiri su rige kowa shiga, ɗaya ta samu 100. Kafin dattijon ya gama alwala ya kunna kwamfutarsa, an zauna masa a wuri. Mayar da ita 192.168.8.20 ne kawai gyaran.

In kana so ka san wace na'ura ce ta hau adireshinka, mayar da kwamfutar automatique, ka yi ping ɗin adireshin, ka yi arp -a, ka rubuta doguwar lambar da ta fito a gefensa. Ita ce lambar MAC ta na'urar. Shafin rauta yana da jerin waɗanda suka haɗu, da sunayensu da lambobin MAC. Can za ka gane ta.

Wasu kusurwoyi

Kwamfutar hannu da ake zuwa da ita jami'a ko buro a dawo gida bai kamata a tsayar mata da adireshi ta ncpa.cpl ba. Abin da aka rubuta nan a katin yake manne, yana bin ta duk wifin da ta shiga.

Idan ka sauya ƙaramin katin wifi na USB, Windows ya ce adireshin yana kan wani katin da ba ka gani, tsohon ne ke riƙe da shi. Rubuta devmgmt.msc, a Affichage ka zaɓi Afficher les périphériques cachés, ka cire wanda ya dushe cikin Cartes réseau.

Kada ka bar passerelle biyu daban, ɗaya a kebul ɗaya a wifi. Idan kebul ɗin na'urar kyamara kawai yake zuwa, ba shi adireshi da masque, ka bar passerelle ɗinsa ba komai, in ba haka ba Windows zai iya bin ta can neman intanet.

Gidan da aka ƙara rauta ta biyu don wifi ya kai ɗakunan baya, a duba kada su biyun su riƙa raba adireshi a rezo ɗaya, ko su zama da adireshi iri ɗaya. Ta biyun a kashe mata DHCP, a ba ta lamba irin 192.168.8.2, a saka kebul a raminta na LAN.

Idan ka sauya lambobin rezo, firinta mai tsayayyen adireshi ita ma sai an sauya mata, sannan a gyara a Windows: Propriétés de l'imprimante, Ports, Configurer le port. Idan raba fayil ya tsaya bayan gyara, duba ko Windows ya mayar da rezon Public. Mayar da shi Privé.

In tagar ta ƙi ajiye abin da ka rubuta, buɗe cmd ta Exécuter en tant qu'administrateur ka rubuta

netsh interface ipv4 set address name="Wi-Fi" source=dhcp

netsh interface ipv4 set dnsservers name="Wi-Fi" source=dhcp

Sa sunan katinka daidai yadda yake a ncpa.cpl. In abin ya faskara, musamman idan ping 127.0.0.1 ya ƙi, sai netsh int ip reset da netsh winsock reset, sannan a kashe kwamfutar a kunna. Na farkon yana goge tsayayyen adireshi. Réinitialisation du réseau da ke cikin Paramètres kuwa har kalmomin sirrin wifi yake mantar da ita, don haka ka tanade su kafin ka danna.

Hanyar da na fi so

Da za a bi shawarata, da a rauta za a tsayar da adireshi, ba a kwamfuta ba. Rautoci da yawa suna da wurin da ake ɗaure adireshi da lambar MAC, a sashen DHCP. Wasu na kiransa réservation d'adresse, wasu bail statique. Ka kwafi Adresse physique, wato lambar MAC ɗin katinka, daga ipconfig /all, ka ɗaure ta da lambar da kake so, ka bar kwamfutar a automatique. Kullum lamba ɗaya za ta samu a gida, rauta ta san da ita ba za ta ba wani ba, kuma idan aka fita da kwamfutar za ta shiga kowane wifi. Abu ɗaya za a kiyaye: kebul da wifi kowanne da lambar MAC tasa, kuma idan Adresses matérielles aléatoires yana kunne a saitin wifi na Windows, lambar za ta iya sauyawa, ɗaurin ya tashi a banza. Kashe shi ga wifin gida. Wasu ƙananan rautocin aljihu ba su da wannan wurin. Su sai a bi mataki na shida.

Duk wannan adireshi ne na cikin gida. Masu farawa da 192.168, da 10, da 172.16 zuwa 172.31 an ware su tun 1994 don rezo na cikin gida, ba a ganin su daga waje. Mai son kallon kyamarorinsa daga Yamai ko Damagaram, tsayar da 192.168.8.20 ba zai kai shi ba. Shiga shafin rauta ka duba adireshinta na WAN, wato wanda kamfanin sadarwa ya ba ta. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin sadarwa ya haɗa ku da yawa a bayan adireshin waje guda, kuma buɗe port, wato ƙofar shigowa daga waje, a rautarka ba zai yi aiki ba komai ka rubuta. Sai dai ka tambayi kamfanin ko yana sayar da tsayayyen adireshin waje, ko ka yi aiki da manhajar kyamarar da ake haɗawa ta lambar QR, wadda ba ta buƙatar ko ɗaya.